Filin Tambaya da Amsa: Gina Gidajen Haya a Kan Tsohon Kududdufi, Juji da Kangon Ma'aikata

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke. Garuruwa irin su Wudil, Bichi, Ɗambatta, Kazaure da Birnin Kudu sun cika da ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti masu neman haya, filaye masu kyau na bakin gari sun yi tsada, sai ido ya koma kan wuraren da aka daɗe ana tsallakewa. Injiniyoyin wannan shafi da mai zanen gininmu ne suka amsa.

TAMBAYA: Na sayi fili ƙafa 100 a 100 a bakin garin Wudil. A da kududdufi ne ya cinye kusan rabinsa, mutanen unguwa suka cike shi da shara shekara da shekaru, yanzu ya daidaita har yara na ƙwallo a kai. Ina so in yi bene mai hawa ɗaya na haya. Maginina ya ce a zuba marmara a daddaɓe a fara. In bi maganarsa? Daga wani Alhaji a Wudil.

AMSA: Alhaji, Allah ya sanya alheri, amma kada a sauke ko tifa ɗaya ta marmara tukuna. Ƙafar yara ba ta gwada ƙasa. Abin da ke ƙarƙashin filin nan leda ce da toka da tsumma da karan dawa da kashin dabbobi, kuma duk abin da ke ruɓewa a cikinsu zai ci gaba da ruɓewa yana raguwa shekaru masu yawa. Marmarar da za a zuba a sama nauyi kawai za ta ƙara masa.

Abin da ya fi ba mu tsoro a bayaninka shi ne kalmar "rabi". Da duk filin zai nutse daidai wa daida, da sauƙi. Amma idan gefe ɗaya na gini yana kan ƙasar asali, ɗaya gefen yana kan ciko, gefen cikon zai sauka ya bar ɗan'uwansa. Alamar farko ƙofa ce ta fara cijewa. Daga nan sai tsaga ta fito daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, bakinta ya fi faɗi a sama. Sai daɓe ya rabu da bango, bututun banɗaki ya karye a ƙarƙashin ƙasa, ruwan da ke zuba daga karayar ya ƙara jiƙa cikon, saukar ta ƙara sauri. A wannan lokacin filasta ba ta da abin da za ta yi.

Ka fara da tambayar dattawan unguwar, musamman waɗanda suka ɗebi ƙasar gini a wurin. Su nuna maka bakin ramin na da, da inda ya fi zurfi, da inda ruwa yake shigowa. A kafa turaku a bi layin. Sannan a tona ramukan gwaji, aƙalla biyar: huɗu a kusurwoyin inda kake son gini, ɗaya a tsakiya. Faɗin kowanne mita 1 a 1.5, a yi ta tono har a tarar da ƙasar da ba a taɓa motsawa ba. Ganinta ba wuya: kalarta ɗaya ce, diga na shan wahala a kanta, babu guntun leda ko tsingaro ko gawayi a ciki. Da zurfi ya wuce mita 1.2 a tokare bangon ramin da katako, domin ciko yana ruftawa ba sallama. Kada lebura ya shiga ramin juji babu wani tsaye a sama, kada kuma a kunna ashana ko taba a bakinsa. Idan an kai mita 3 ba a ga ƙasar asali ba, aikin ya fi ƙarfin diga, sai a kira masu na'urar huda ƙasa. A bar ramukan su kwana a rufe da katako, da safe a auna inda ruwa ya tsaya. Gwajin watan Agusta ko Satumba ya fi na Maris gaskiya, domin a lokacin ne ruwan ƙasa yake kusa. Samfurin ƙasar a kai ɗakin gwaji, irin na sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero, a sami rahoto a rubuce kan nauyin da za ta iya ɗauka.

Sai da wannan rahoton mai zane zai ɗauki alƙalami. Hanya mafi araha, wadda kuma muka fi so, ita ce a matsar da ginin gaba ɗaya ya zauna kan ƙasar asali, da ratar aƙalla mita 3 daga tsohon bakin ramin. Wajen cikon ya zama wurin ajiye motoci da babura, da shanya, da inuwa. A can a shimfiɗa bulon daɓe wanda ake jerawa a kan yashi, domin in ya lotsa ana ɗagawa a gyara, kankare kuwa fashewa yake yi.

Idan dole gini ya hau, kuma zurfin bai wuce kamar mita 2 ba, a kwashe sharar kakaf a kai inda ƙaramar hukuma ta nuna, a cike da marmara mai tsabta. Cikon a yi shi shimfiɗa-shimfiɗa, kowace santimita 15, a yayyafa ruwa har ƙasar ta dunƙule a hannu ba tare da ta ɗiga ba, a bi da injin daddaɓa ƙasa kafin a ɗora ta gaba. Tifa ta juye tuli guda a baje da shebur, wannan ba ciko ba ne. Ka yi lissafi tun yanzu: rami mai tsawon mita 15, faɗi 10, zurfi 2, kubik mita 300 ke nan, ka ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu saboda matsewa, ya zama 375. Da tifar da ke ɗaukar kubik 5, sahu 75 ne, ban da kuɗin kwashe sharar. A nan ne mutum ke gane dalilin arahar filin. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

In zurfin ya fi haka, sai ginshiƙan kankare da za su ratsa cikon su tsaya kan ƙasa mai ƙarfi, a ɗaure kawunansu da bim, wato kankaren da ake zubawa a kwance ya haɗa ginshiƙi da ginshiƙi, a zuba daɓen ƙasa kamar yadda ake zuba dakin, wato rufin kankare na bene, yana rataye a kan bim ɗin. Wasu magina za su ce a yi faffaɗan kankare guda a ƙarƙashin duk ginin, wanda suke kira raf. Yana da amfani a ƙasa mai laushi, amma a kan shara mai ruɓewa abin da yake yi shi ne ya hana ginin tsagewa, ya bar shi ya karkata gaba ɗaya. Injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, shi ne zai zaɓa, shi zai faɗi kaurin rodi da yawansa, ya sa hannu.

Abu biyu kuma da ba a cika tunawa ba. Shara mai ruɓewa a inda iska ba ta shiga tana fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, wadda ke fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki. Idan akwai sauran juji kusa da ginin, a shimfiɗa tsakuwa santimita 15 zuwa 20 a ƙarƙashin daɓe, a binne bututun roba mai inci 4 da aka huhhuda a cikinta, a fito da bakinsa ya haura saman rufi, sannan a rufe da leda mai kauri wadda aka ɗora bakin kowace a kan 'yar'uwarta aka manne. Na biyu, kududdufin nan shi ne yake shanye ruwan unguwar. An cike shi, ruwan bai daina zuwa ba. Unguwannin cikin birnin Kano da aka cike kududdufansu aka yi gini sun san wannan duk damina. Ka ɗaga daɓenka aƙalla santimita 60 sama da titi ko sama da alamar ambaliyar da ta fi kowacce, ka gina kwata mai kai ruwa babbar magudana, kada ka juye shi gidan maƙwabci.

TAMBAYA: Mu magada ne, an bar mana wani kango babba a Kazaure, duk kewayensa gidajen ƙasa ne masu tsakar gida. Muna son ɗakunan haya na iyali guda takwas. Tun ba a fara ba maƙwabta sun kai ƙorafi wajen mai unguwa cewa za a riƙa leƙa musu iyali. Yaya za a tsara? Daga wata Hajiya a Kazaure.

AMSA: Hajiya, maƙwabtanku suna da gaskiya, kuma gara da suka faɗa tun gini yana kan takarda. Matar da ke wanke-wanke a tsakar gidanta ba lulluɓi tana da haƙƙin kada baƙo ya hango ta daga sama. Zane mai kyau yana iya kare wannan haƙƙin ba tare da kun rasa ɗaki ko ɗaya ba.

A ce filin ƙafa 100 a 100 ne, wato kusan murabba'in mita 930. Gida mai ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki yana cin kamar murabba'in mita 65. Huɗu a ƙasa, huɗu a sama, da matakala, ginin zai zauna a kan kusan 290, kashi ɗaya cikin uku na filin. Kada kwaɗayin ƙarin ɗaki ya sa a wuce rabi. A jera ginin ya ba maƙwabta baya, ya fuskanci tsakar gidansa: duk baranda da manyan tagogi su kalli ciki ko titi. Ta ɓangaren maƙwabta, tagogin sama su fara daga mita 1.7 daga daɓe, iska da haske su shiga, ido bai kai ba. A bar ratar aƙalla mita 3 tsakanin gini da katanga, sai dai in hukumar tsara gari ta ce fiye. Matakala kada ta zama buɗaɗɗiya ta gefen gidajen mutane, a rufe ta da bulo mai huji wanda hujinsa ke kallon sama. Kafin a kai zanen neman izini, a ɗauke shi a je gaban mai unguwa a nuna wa maƙwabta inda kowace taga take. Rigima da yawa a nan take mutuwa.

Dogayen bangaye su fuskanci arewa da kudu. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, ya riƙe zafi har tsakar dare, don haka a ajiye matakala ko sito a can. Hadari kuma daga gabas yake tasowa da iska, tagogin gabas suna son rumfa, rufi ya zarce bango da santimita 60 zuwa 90, a ɗaure katakonsa da ƙarfe a jikin kankare. Silin ya kai mita 3. Kowane ɗaki ya sami taga a bango biyu in zai yiwu. Masai a dasa shi yadda mai zama zai fuskanci arewa ko kudu, kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Masu haya suna duba wannan, kuma gyaransa bayan an binne bututu asara ce.

Akwai abin da masu kwafo zanen birni suke mantawa: yadda iyalinmu ke zama. Matar da ke sama za ta yi daka. In ba a ware mata wuri ba, turmi zai hau dakin, na ƙasa su kasa barci, tayil ya farfashe. A yi rumfar girki da daka a ƙasa, a bayan gida ta inda iska za ta ɗauke hayaƙi, kowane gida da murhunsa da ɗan wurin ajiye itace ko gawayi. A ware igiyoyin shanya inda ba a hangowa daga ƙofa, da lungun ɗaure ragon layya. A bakin ƙofa a yi zaure ɗaya mai benci da wurin alwala, baƙi maza su tsaya a nan. Matakala faɗinta mita 1.2, tsayin kowane taki santimita 15 zuwa 17, domin tsofaffi da masu ciki da kuma ranar da za a sauko da gado ko makara. Ƙarfen baranda ya kai mita 1.1, tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 10, kan yaro ba zai shiga ba. A kowane gida, ƙarfen taga ɗaya ya zama mai buɗewa daga ciki saboda gobara.

Ruwa kuma: gida takwas, mutum shida-shida, 48 ke nan. A lita 50 kowane mutum, lita 2,400 a rana. Tankin lita 5,000 zai kai kwana biyu, amma nauyinsa tan 5 ne, sai a yi masa hasumiyarsa daban, kada a ɗora a kan dakin da ba a lissafa da shi ba. Ramin masai mai ɗaki biyu, tsawon mita 4, faɗi 1.5, zurfin ruwa 1.5, zai wadatar. Ɗakin farko ya ci kashi biyu cikin uku. Sokawe ya nisanci rijiya ko burtsatse da mita 30, har da na maƙwabta, kuma kada a haƙa shi a cikin ciko ko jikin harsashin gini. Mitar wuta kowa da tasa.

TAMBAYA: Akwai tsohon gidan mai da aka rufe shekaru a kan hanyar Gumel. Tankunan suna nan a binne. Wani mai walda ya ce zai yanka su ya saya. In bari? Daga wani Malam a Gumel.

AMSA: Malam, kada ka bari ya kusance su da wuta. Tankin da ake cewa babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne gauraye da iska, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a gindin tanki shekaru. Ƙwararru ne ke tsotse ragowar, su wanke, su auna iskar ciki, su ciro tankin da bututunsa gaba ɗaya, da sanin NMDPRA, hukumar da ke kula da gidajen mai, wadda ta gaji DPR a 2021. Bayan an ciro, a duba ƙasar ramin: in ta yi baƙi-baƙi ko toka-toka tana wari, ko ruwa ya nuna ƙyalli a sama, mai ya zuba. A kwashe ta har inda gwaji ya nuna tsabta. Fetur na ɗauke da sinadarin benzin mai jawo sankarar jini, kuma yana ratsa bututun roba ya shiga ruwan sha, saboda haka kada layin ruwa ya bi ta wurin. Rijiyar da ke filin ba a sha sai an gwada. Ɗakunan kwana a kai su nesa da inda tankuna da famfunan suke.

TAMBAYA: Filin da nake ciniki a Bichi, an yi jima a wurin a da, daga baya masu fasa tsofaffin baturan mota suka zauna. Akwai kuma rumfa mai tsohon rufin asbesto. Dillali ya ce ruwan sama ya wanke komai. Daga wani ɗan kasuwa a Bichi.

AMSA: Ruwan sama ba ya wanke dalmar da ke cikin batir, Malam. Ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, tana nan a saman ƙasa inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, daga ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma maganin da aka yi wa gidajen shi ne kankare ƙasar sama a kwashe, a zuba sabuwa. Yaron da bai mutu ba ma tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, ba ta kuma nuna alama da wuri. Gidan haya na iyali gidan yara ne, don haka batirin ya fi damunmu a kan jimar.

A raba filin gida-gida, kamar mita 10 a 10, a ɗebi ƙasa daga saman santimita 5 da kuma daga zurfin rabin mita a kowane gida, a ƙara ɗiba a daidai inda aka fasa batir da inda ruwan wurin ke gangarawa. Kowane samfuri da ledarsa da lambarsa. A ce wa ɗakin gwajin a duba dalma da kuromiyam, sinadarin jima na zamani. Majemar gargajiya da bagaruwa da toka take aiki, abin dubawa a wurinta tsofaffin ramuka ne da gishirin da ke cin kankare da rodi, da kuma inda aka binne gashi da ragowar fata, domin ƙwayar cutar antaraks, mai kama dabbobi da mutane, tana rayuwa a ƙasa shekaru da dama. Masu tono su sa safar hannu da takalmi. In kuwa an yi aiki da hodar kamfani irin ta majemun Challawa da Sharaɗa, kuromiyam ne. Inda gwaji ya nuna guba, a jiƙa ƙasar kafin a kankare don kada ta tashi, a kwashe da sanin hukumar kula da muhalli ta jiha, kada a sayar wa mai neman ciko. Abin da ya rage a rufe shi da gini ko kankare, wurin wasan yara da shuka kuma a zuba ƙasa mai tsabta santimita 60 a kan shimfiɗar raga mai kala, wadda za ta gargaɗi duk mai tono nan gaba. Zogale da alayyafo a shuka su a buhu ko baho.

Asbesto kuwa ba ya cutarwa sai an fasa shi. Ƙurarsa ke shiga huhu, ciwon ya fito bayan shekara 20 zuwa 40. A jiƙa shi, a kwance ƙusoshin, a sauke falle-falle ba jifa, a naɗe da leda. Ba a yanka shi da inji, ba a farfasa shi a yi ciko. Duk wannan a yi lissafinsa kafin a biya, a cire daga kuɗin filin.

TAMBAYA: Takardar dagaci da shaidu ta isa in fara gini? Daga wani mai karatu a Ringim.

AMSA: Tana da amfani, amma ba ta isa ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Wurin da aka ayyana a matsayin birni izininsa daga jiha yake, na karkara daga ƙaramar hukuma. Kududdufi da juji da kangon ma'aikata sau da yawa na jama'a ne ko na hukuma, ko an ware su don magudanar ruwa, sai a bincika a ma'aikatar filaye kafin kuɗi ya fita. A sa safiyo mai rajista ya auna ya kafa duwatsu. Filin da takardarsa ta ce na sana'a ne sai an nemi canjin amfani zuwa na zama. Zanen bene kuma sai hukumar tsara gari ta amince, KNUPDA a Kano, takwararta a Jigawa.

Tunda Ringim ka ce, ka ƙara da wannan: garin yana kwarin kogin Haɗeja, kuma ambaliyar 2022 ta bar alama a bangaye da yawa a yankin, daga ita za ka auna tsayin daɓe. Ƙasar fadama mai yumɓu tana kumbura da damina ta tsage da rani, harsashi ya sauka ƙasa da inda tsagar ke kaiwa. Kankaren ginshiƙi da dakin, in injiniya bai rubuta wani haɗi ba, buhun siminti 1 mai kilo 50, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa, a yi ta ba shi ruwa kwana 7, kada a cire katakon ƙarƙashin dakin kafin kwana 21. Bulo mai inci 9 kada buhu ya fitar da fiye da 30. Wanda ka murza gefensa da yatsa ya zubo, a mayar wa mai shi.